Na karanta littafin ɗana na ga abin da yake ɓoye mana, me zan yi?

"Likita, assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar. Na ukunsu namiji ne, shekararsa 16, yana aji biyar a makarantar sakandare ta kwana. Yaro ne mai ladabi, mai sallah, ba ya shaye-shaye. Tun bara na lura ya sauya, ya daina fita, ya rame, kullum ciwon kai da ciwon ciki, an auna shi ba a ga komai ba. A hutun nan ina gyara masa akwati sai na ci karo da wani littafinsa. A shafin ƙarshe ya rubuta cewa shi tun yana ƙarami bai taɓa jin son mace ba, hankalinsa ga maza yake tafiya, ya yi azumi ya yi addu'a abin bai tafi ba, kuma yana roƙon Allah ya ɗauki ransa kafin mu sani. Yau kwana tara ban yi barcin kirki ba. Bai san na gani ba, mahaifinsa ma ban faɗa masa ba. Cuta ce ko shafar aljanu? Laifin tarbiyyata ne? Akwai magani? Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki ladan haƙurin da kika yi na kwanakin nan tara ba tare da kin tayar da gida ba. Tambayoyi huɗu kika yi: ko abin cuta ne, ko ke kika jawo shi, ko ana magance shi, da kuma matakin da ya kamata ki ɗauka. Zan bi su gwargwadon abin da ilimin lafiyar ƙwaƙwalwa ya tabbatar da abin da na gani a shekarun da na yi ina duba matasa. Amma a cikin wasiƙarki akwai jimla ɗaya da ta fi duk tambayoyin nan gaggawa, ita ce roƙon da yaron yake yi Allah ya ɗauki ransa. Yaron da ya rame, ya ƙaurace wa mutane, yake fama da ciwon da awo bai nuna ba, sannan ya rubuta fatan mutuwa da hannunsa, a wurinmu yana cikin haɗari, kuma alamun da kika lissafa sun yi kama da na ciwon damuwa mai tsanani. Sauran tambayoyin za su iya jira wata ɗaya ko shekara, wannan kuwa ba za ta jira ba.

Abin da yaro irin wannan yake ɗauke da shi

Iyaye da yawa suna zaton abin farat ɗaya yake faɗo wa yaro, kamar wanda ya tsinto mugun aboki ko ya buɗe wani shafi a waya. Abin da yaran suke faɗa da bakinsu daban ne. Wasu masana biyu a Amurka, Gilbert Herdt da Martha McClintock, sun nuna a shekarar 2000 cewa yawancin mutane, masu karkata ga mata da masu karkata ga maza baki ɗaya, suna tuna farkon lokacin da wani ya burge su a wajen shekara 10, kafin balaga ta bayyana a jiki. A wannan shekarun yaro bai san sunan abin da yake ji ba. Abin da ya sani kawai shi ne in abokansa suna tsokanar juna da 'yan matan unguwa, shi ba ya jin abin da suke ji. Sunan yakan zo masa daga baya, kuma da zagi yake zuwa. A filin ƙwallo ne zai fara jin an ce wa wanda ya zubar da ci "ɗan daudu kawai", a majalisa zai ji an ce ai 'yan luwaɗi kashe su ya kamata a yi, kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, don kada a ga bai yi ba. Wata rana, yana ɗan shekara 12 ko 13, sai ya gane cewa mutumin da ake zagi ɗin nan shi ne. Idan lissafin nan ya dace da ɗanki, to shekara uku ko huɗu ke nan yana ɗauke da abin da ya hana ki barci kwana tara, kuma shi kaɗai.

Wannan kaɗaicin shi ya bambanta tsangwamar nan da sauran. Yaron da aka yi wa gori a makaranta saboda ƙabilarsa, ko baƙin fatarsa, ko talaucin gidansu, yana dawowa gida ya tarar da mutanen da suke cikin hali ɗaya da shi, uwarsa ta share masa hawaye ta ce rabu da su. Yaron da muke magana a kansa ba shi da wannan mafakar, domin mutanen da ya fi tsoron su sani su ne waɗanda yake cin tuwo da su a kwano ɗaya. Tun a 1963 masanin zamantakewa Erving Goffman ya raba masu ɗauke da tabo gida biyu: wanda tabonsa a fili yake, kamar gurgu, aikinsa shi ne jure kallon mutane, da wanda tabonsa a ɓoye yake, shi kuma aikinsa gadin sirri dare da rana, yana auna kowace kalma, yana lissafin wa ya sani, wa yake zargi. Aiki na biyun nan yana cin jiki fiye da yadda mai kallo zai zata.

Na taɓa duba wani yaro mai shekara 15 da aka turo mini daga sashen masu ciwon ciki bayan an yi masa maganin olsa har sau uku babu sauƙi. Abin da na fara lura da shi shi ne a kan hannuwansa yake zaune, ya danne su da cinyoyinsa tun shigowarsa har fitarsa. A zama na huɗu na tambaye shi dalili. Ya ce tun yana aji ɗaya wani babban ɗalibi ya ce masa yana magana da hannu irin na mata, daga ranar bai sake barin hannunsa ya motsa a gaban mutane ba. Ya koya wa kansa tafiya a bayan ɗakin kwanansu, yana ƙirga taku, yana buɗe ƙafa. Kafin ya amsa tambayar malami a aji sai ya gyara murya a maƙogwaro ya saukar da ita, in bai tabbata za ta fito da kauri ba sai ya yi shiru ko da ya san amsa. Sakamakonsa ya faɗi daga na uku zuwa na ashirin da wani abu, malamai suka rubuta masa lalaci. Ba lalaci ba ne, yaro ne da rabin hankalinsa yake tsaye gadi, sauran rabin ne kaɗai ya rage wa lissafi da Turanci.

Wani masani Ba'amurke, Ilan Meyer, ya tsara wannan nauyin a wani rubutu da ya yi fice a 2003. Ya ce abubuwa ne da suke hawa kan juna: akwai cin zarafin da ya auku a zahiri, akwai zaman jiran aukuwarsa, akwai wahalar ɓoyewa, sannan akwai wanda ya fi su muni, wato lokacin da yaro ya haɗiye zagin ya mayar da shi hukunci a kan kansa. Daga nan ba ya bukatar kowa ya zage shi, shi da kansa yake kiran kansa la'ananne a kan sallaya. Rubutun da kika gani a shafin ƙarshe muryar wannan matakin ce. Shi ya sa alƙaluma suke fitowa yadda suke fitowa. A binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi a makarantun sakandare a 2015, kashi 29 cikin 100 na ɗaliban da suka ce suna karkata ga jinsinsu, ko ga jinsi biyun, sun yi yunƙurin kashe kansu a cikin shekara guda, yayin da a ɗaliban da suke karkata ga ɗaya jinsin abin yake wajen kashi 6. A ƙasar da doka ba ta hukunta su ke nan.

Abubuwa huɗu da muke cusawa cikin kalma ɗaya

Da Hausa kalma ɗaya ko biyu muke rufe al'amura daban-daban da su, kuma wannan yana ruɗa iyaye. Na farko shi ne karkatar zuciya, abin da mutum yake ji ba tare da ya kira shi ba. Na biyu shi ne ɗaudanci, wato salon magana da tafiya da sana'a irin na mata. 'Yan daudu tsofaffi ne a ƙasar Hausa, an san su da sayar da abinci a tasha da kasuwa da hidimar biki, kuma da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya. Akwai mai ɗaudanci da hankalinsa ga mata yake, akwai kuma ƙaton namiji mai gemu da babu wanda zai zarge shi alhali hankalinsa ga maza yake. Na uku shi ne aikatawa. Na huɗu shi ne fyaɗe, wato babba ya yi amfani da ƙarfi ko kuɗi ko matsayi ya lalata yaro, abin da jaridunmu suke kira luwaɗi da ƙananan yara, alhali zalunci ne tsagwaronsa kamar yadda fyaɗe ga yarinya yake zalunci.

Abin da ɗanki ya rubuta na farkon ne kaɗai. Bai ce ya aikata komai ba, hasali ma azumi da addu'a ya ce ya yi. Kada tsoro ya sa ki ɗora masa sauran ukun. Sai dai tun da makarantar kwana yake, wajibi ne a wani lokaci, cikin natsuwa, a tambaye shi ko akwai babban ɗalibi ko ma'aikaci ko wani ɗan uwa da ya taɓa tilasta masa wani abu. Yara masu sanyin hali, marasa abokai, waɗanda aka riga aka yi wa lamba, su azzalumai suka fi hara, domin sun san ba za su kai ƙara ba. Idan hakan ta faru, yaron wanda aka zalunta ne, kuma akwai kulawa ta musamman da yake bukata. Amma kada a juya lissafin a ce lallai wani ne ya koya masa. Yawancin mazan da suke karkata ga maza ba a taɓa yi musu fyaɗe ba, kuma yawancin yaran da aka yi wa fyaɗe suna girma hankalinsu ga mata.

Cuta ce, kuma laifin wa?

An daɗe likitocin Turai da Amurka suna lissafa abin a cikin cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma dalilinsu mai rauni ne: mutanen da suke gani su ne waɗanda aka kawo asibiti ko aka kulle a kurkuku. A 1957 wata masaniya mai suna Evelyn Hooker ta ɗauko maza 30 masu karkata ga maza da 30 masu karkata ga mata, dukkansu masu zaman kansu a gari, ta yi musu gwajin halayya iri ɗaya, ta miƙa wa ƙwararru sakamakon ba tare da sun san wane ne wane ba. Suka kasa bambancewa. Bincike ya yi ta taruwa a kan haka har ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga kundin cututtukanta a Disambar 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bi sahu a ranar 17 ga Mayu, 1990. Kundin hukumar nan shi asibitocinmu suke aiki da shi. Saboda haka a likitance karkatar ba cuta ba ce. Damuwar da ta rama ɗanki ita ce cutar, kuma tana da magani. Game da aljanu, abin da zan iya shaida a kai shi ne yaran da na gani hankalinsu ɗaya, suna sallah suna karatu, babu gushewar hankali ko sambatu a tare da su.

Tambayar laifi ita ce na san ta fi ci miki rai. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce wasu almajiran masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud sun yaɗa cewa uwa mai kankane ɗa da uba mai nisa da shi su suke haifar da wannan, kuma har yau maganar tana yawo, har a bakin waɗanda ba su taɓa jin sunan Freud ba. Binciken da ya biyo baya bai gaskata ta ba. Ki duba gidanki ma: 'ya'ya biyar, uwa ɗaya, uba ɗaya, tukunya ɗaya. Abin da aka samu ya fi karkata ga halitta, ko da yake ba ta hanya guda ba. Bincike mafi girma a kan gado, wanda ya fito a mujallar Science a 2019, ya duba kusan mutum 480,000 a Ingila da Amurka, ya gano cewa babu wata ƙwayar gado guda da take yanke hukunci, sai dai ɗimbin ƙanana da kowacce take ba da ɗan kaɗan. Ray Blanchard a Kanada, tun a shekarun 1990, ya nuna cewa yawan yayye maza da uwa ɗaya ta haifa kafin yaro yana ɗan ƙara yiwuwar hakan, kuma ana danganta wannan da yanayin mahaifa, ba da zaman gida ba. Dukkan waɗannan sun faru ne kafin ki fara goya shi. Ba shagwaɓa ba ce, ba aika shi kicin da kika yi ba ne, ba kuma don ya tashi cikin 'yan'uwa mata ba.

Abu guda zan ƙara don adalci. Shekara 16 shekarun laluben kai ne, kuma akwai matasan da abin da suke ji yake sauyawa da kansa yayin da suke girma. Amma yaron da ya ce tun yana ƙarami haka yake, ya kuma yi shekaru yana yaƙi da abin, galibi ba ya cikin waɗannan. Ba zan yi miki alkawarin da ba ni da iko a kansa ba.

Maganar magani

An gwada, kuma an gwada da mugun nufi da kyakkyawa. An yi amfani da wutar lantarki, da allurar sa amai, da sinadaran jiki, da zaman nasiha na shekaru. A 2003 Robert Spitzer, babban likitan da ya taka rawa a sauyin 1973, ya wallafa wani bincike da ya ce wasu suna sauyawa, masu sana'ar sauya karkatar mutane suka riƙe shi hujja. A 2012 ya fito ya janye, ya nemi gafara, ya ce ba shi da hanyar tabbatar da abin da mutanen suka faɗa masa ta waya. A shekarar ta 2012 kuma shugaban Exodus International, babbar ƙungiyar Kirista da ta shafe fiye da shekara 30 tana wannan aikin a Amurka, ya amsa cewa kusan duk waɗanda ya sani ba su sauya ba, kuma a 2013 ƙungiyar ta rufe. Abin da ake samu a irin wannan yunƙurin shi ne yaro ya koyi faɗin abin da ake so a ji, ya ƙara ɓoyewa, ya kuma ƙara tsanar kansa don yana ganin shi ne ya gaza. Duk wanda ya ce miki yana da allura ko rubutu ko hayaƙin da zai juya shi a wata uku, kuɗinki yake so.

A wajenmu hanyoyi uku aka fi bi. Wasu suna kai yaro a yi masa ruƙiyya. Addu'a da karatun Alƙur'ani cikin tausasawa ba sa cutar da kowa, amma inda ake dukan yaro da sunan fitar da aljani, ana tara masa jama'a, nan an tona asirinsa an kuma karya shi. Wasu suna kai shi gidan mari. Ki tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawa da tabon bulala, wasu kuma suka ba da labarin lalata da aka yi musu a can ciki. Iyayensu da kansu suka kai su don a gyara su. Hanya ta uku ita ce a ce a yi masa aure da wuri, in ya ɗanɗana zai manta. Na zauna da matan da aka aurar wa irin waɗannan mazan, suna kuka suna tambayata me ya rage musu, suna ta kashe kuɗi a kayan mata, ba su san matsalar ba daga gare su take ba. 'Yar wani ba magani ba ce.

Abin da yake hannunki

Ga binciken da nake so ki riƙe. Caitlin Ryan da abokan aikinta a San Francisco sun wallafa shi a 2009, bayan sun tambayi matasa 224 masu shekara 21 zuwa 25 yadda iyayensu suka karɓi al'amarin lokacin suna 'yan sakandare. Waɗanda aka tsananta wa ƙyama a gida, da zagi da duka da kora da hana su zama cikin dangi, sun ninka waɗanda ba a yi wa haka ba fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai, kusan sau 6 wajen damuwa mai tsanani, fiye da sau 3 wajen shan ƙwaya. Abin da ya fi jan hankalina a aikin nata shi ne ta yi shi da iyaye masu riƙon addini sosai, ba ta kuma nemi su bar aƙidarsu ba. Ta nuna musu cewa ko rage tsananin kaɗai aka yi, haɗarin yana sauka. A Amurka aka yi binciken, rayuwarsu ba tamu ba ce, amma abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya bai saɓa masa ba: yaron da ya san akwai mutum ɗaya a gida da ba zai yar da shi ba yana jure abin da waninsa ba zai jure ba.

Ni ba malami ba ne, hukuncin addini kuma ba fagena ba ne, ke ma ba fatawa kika zo nema wurina ba. Amma akwai abu biyu da kowane ɗalibin hadisi ya sani, kuma na ga sun ceci rai. Na farko, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Yaran nan da yawa ba su taɓa jin an raba musu ji da aikatawa ba, suna zaton tun ranar da suka ji abin aka rufe musu ƙofar rahama, har wasu su daina sallah don suna ganin ba za a karɓa ba. Na biyu shi ne falalar rufa asirin Musulmi, kuma babu wanda ya fi cancantar rufin asirinki kamar ɗan cikinki. Yadda zai daidaita imaninsa da halin da ya tsinci kansa tafiya ce mai tsawo, shi zai yi ta, kuma na ga mutane sun ɓulle ta hanyoyi mabambanta. Sai yana raye zai yi ta.

Saboda haka ki fara da lafiyarsa. A yau ɗin nan ki kawar da maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyin asibiti daga inda hannu zai kai, ba tare da sanarwa ba. Kada ki bar shi yana kwana shi kaɗai a ɗaki a kulle. Ki samu lokacin da gida ba kowa, ki zauna kusa da shi, ki ce kin ga ya rame, kin ga ba ya cikin walwala, sannan ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa ko cutar da kansa. Iyaye suna tsoron tambayar nan kada su sa wa yaro ra'ayin, amma bincike ya nuna tambayar ba ta ƙara haɗari, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya ce eh, musamman in ya ambaci hanya ko rana, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Ba dole ba ne ki faɗi sirrinsa a wurin yankar kati. Rashin barci da rama da tunanin mutuwa sun isa dalili. Ki nemi ganin likitan ke kaɗai tukuna ki auna shi. Mu ma 'yan wannan al'umma ne, a cikinmu akwai wanda zai riƙe amana, akwai wanda zai mayar da kujerarsa mumbari. In kika ji ya fara da tsinuwa, ki ɗauki ɗanki ki nemi wani.

Game da mahaifinsa, ke kika san mijinki. Ban ce ki ɓoye masa har abada ba, kuma na san nauyin riƙe irin wannan ke kaɗai. Amma ki tambayi kanki abin da zai yi a sa'ar farko. Idan mai saurin hannu ne, ko mai kiran 'yan'uwansa a yi taro a kan komai, to yanzu ki tsaya a kan cewa yaron yana fama da damuwa kuma likita ya ce a sassauta masa, wanda gaskiya ne. Na ga iyaye maza da suka ba ni mamaki da tausayinsu, na kuma ga wanda ya kori ɗansa da daddare ya shafe shekaru yana nemansa a tashoshi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sai dai a cikin fushi mutum yakan manta karin maganar da shi da kansa yake faɗa wa wasu. Ƙanne da yayye da ƙawayenki kuwa, ko aminiyarki ta ƙut da ƙut, kada ki faɗa wa kowa. Magana in ta fita ba ta dawowa, kuma a nan ba gori kaɗai take jawowa ba. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi da shekara 10 ga kafa ƙungiya ko nuna irin wannan alaƙa a fili, jihohi 12 masu aiki da shari'a kuma hukuncinsu a kan aikatawa ya kai har rajamu. Dokokin a kan aiki suke magana, babu wadda ta hukunta abin da yake cikin zuciya, amma ɗan unguwa da ya ɗauko gora ba ya karanta doka, zargi ya ishe shi. Akwai kuma masu farautar irin waɗannan yaran a intanet, su yi kamar abokai, su jawo su wani wuri, su ƙwace waya su ɗauki hoto su yi ta tatsar kuɗi. Yaron da ba shi da wanda zai yi wa magana a gida shi ya fi faɗawa hannunsu, kuma shi ne ba zai faɗa ba in ya faɗa.

Makarantar kwanan ma ki sake dubawa. Ki tambaye shi yadda ake zama a ɗakinsu, wane suna ake kiransa da shi, wa yake ci da shi. In ya nuna ba ya son komawa, kada ki ɗauka shagwaɓa ce. Mayar da shi jeka-ka-dawo na shekara guda bai kai asarar da ake gudu ba.

Saura batun littafin. Ban ga ɗanki ba, wasiƙa ɗaya ce a gabana, don haka ba zan yanke miki rana ba. Abin da na fi ba da shawara shi ne kada ki fara da shi. Ki mayar da shi inda kika same shi, ki yi mako biyu ko uku kina jawo yaron jiki, ki aike shi, ki ci abinci tare da shi, ki faɗa masa a sarari cewa babu abin da zai faɗa miki da zai sa ki daina zama uwarsa. Mai yiwuwa ya kawo maganar da kansa. In bai kawo ba kuma kika ga yana ƙara nutsewa, ki gaya masa gaskiya cewa kin gani, ki ba shi haƙurin buɗe masa kaya, kada ki yi masa tambayoyin 'yan sanda. Zai iya musantawa, zai iya fashewa da kuka, zai iya tashi ya fita. Wata uwa da na yi aiki da ita ta ce nata ɗan bai ce uffan ba, ya juya mata baya ya fuskanci bango, ita kuma ta rasa abin faɗa, sai ta ɗora hannu a kansa ta yi ta karanta masa addu'ar da take yi masa yana jariri. Sai bayan kwana biyu ya zo kicin ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ta ko akwai sauran shayi.